Rashi, Malamin Da Ya Sauƙaƙa Karatu

'Yan'uwa masu koyon aikin malanta, ga labarin wani malamin Yahudawa wanda ya rasu fiye da shekara 900 da suka wuce, amma har yau yara suna karatu a gabansa.

Sunansa Sulemanu ɗan Ishaku, amma an fi saninsa da Rashi. An haife shi a shekara ta 1040 a garin Troyes, cikin ƙasar Faransa. Al'adar Yahudawa ce tun dā su sa yaro karatun Attaura tun yana ƙarami, in ya girma ya shiga Talmud, wato babban kundin hukunce-hukunce da muhawarar malamansu na farko. To, Talmud ba kanwar lasa ba ne. An rubuta shi da Ibrananci da Aramaik, ba wasali, ba aya, har almajiri ya kan rasa inda tambaya ta ƙare da inda amsa ta soma. In ba da malami a kusa ba, sai ya yi ta lalube.

Da Rashi ya zama saurayi sai ya tafi neman ilmi a Worms da Mainz, garuruwa biyu a bakin kogin Rayin a ƙasar Jamus, inda manyan malamai suke. Yana da wajen shekara 25 ya komo gida, bayan 'yan shekaru ya buɗe makarantarsa. Nan ya shiga rubuta sharhi a kan kusan dukan Tsohon Alkawari da mafi yawan Talmud.

Ku duba dabararsa. Ba ya tsawaita magana. Ya kan tsaya daidai inda ya san almajiri zai yi tuntuɓe, ya warware wurin da kalmomi kaɗan, ya wuce. In kalmar Ibrananci ta yi wuya, sai ya kawo ta Faransanci wadda ake faɗi a gida da kasuwa, ya rubuta ta da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda malamanmu suke rubuta Hausa da ajami. Irin waɗannan kalmomi sun fi 1,000, har masu binciken tsohon Faransanci suna amfani da su. Inda kuma bai gane ma'ana ba, ba ya ɓoyewa, ya kan rubuta a fili cewa bai sani ba.

A shekara ta 1096 mayaƙa masu ɗauke da alamar gicciye suka bi ta kogin Rayin a hanyarsu ta zuwa Urushalima, suka karkashe Yahudawan Worms da Mainz. Wannan abin kunya ne ga kowane mai kiran sunan Almasihu. Makarantun nan suka watse, amma abin da Rashi ya koya a cikinsu ya riga ya shiga takarda. Takobi bai cim masa ba.

Rashi ya rasu a 1105. Bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata, amma jikokinsa, Sama'ila da Yakubu 'ya'yan Meyir, suka zama manyan malamai suka ci gaba da aikin. A 1475 aka buga sharhinsa na Attaura a Italiya, shi ne kuwa littafin Ibrananci na farko da aka buga ɗauke da kwanan wata. Har yau in an buga Talmud, sharhinsa yana nan a gefen shafi. Kiristoci ma sun sha daga rijiyarsa, gama Nikolas na Lira ya dogara da shi ƙwarai, Martin Luta kuwa ya karanta Nikolas.

To, jama'a, gobe mu ne a gaban allo. Wani malami ya kan jibga wa yara manyan kalmomi don a ce ya sani, ya fita aji ya bar su cikin duhu. Rashi ya fi mu ilmi nesa, duk da haka ya sunkuya ya yi magana da harshen da yaro zai ji. In ka shiga aji, ka tambayi kanka inda ƙaramin yaron can na baya zai yi tuntuɓe, ka jira shi a wurin.