Farfesa Lambo na Aro, likitan da bai raba ƙwaƙwalwa da jiki ba

'Yan uwana mazauna Sabo a Abeokuta da Ibadan, da na Agege da Idi-Araba a Legas, na san sunan Aro ba baƙo ba ne a kunnenku. Daga nan Lafiya nake so in ba ku tarihin mutumin da ya fito da sunan wurin a duniya, wato Farfesa Thomas Adeoye Lambo.

An haife shi a Abeokuta a 1923. Ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham da ke Ingila, sannan ya ƙware a fannin taɓin hankali a asibitin Maudsley na Landan. A 1954 ya dawo gida ya kama aiki a Aro. A wancan zamani, mai taɓin hankali in ba a sa masa mari ba, to an kulle shi a wurin da ba shi da maraba da kurkuku.

Lambo ya ɓullo da wata dabara. Ya shirya da masu gidaje a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin suka riƙa ba majinyata hayar ɗaki. Kowane majinyaci sai ya zo da ɗan'uwansa, mai yi masa girki da wanki, ya raka shi asibiti da safe su dawo da yamma. An kawo wa ƙauyukan ruwan famfo, an haƙa masai, an yaƙi sauro. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya suka yi aiki tare. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, ya kuma zama mataimakin babban darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne an kula da cin majinyaci da shansa da makwancinsa, ba hankalinsa kaɗai ba. Mu kuwa yau, a Lafiya ne ko a Kudu, da an ce wane ya samu taɓin hankali, shi ke nan, ko ciwon ƙirji ya ce yana yi sai a ce ai ciwon nasa ne ya motsa. Hukumar da Lambo ya yi wa aiki ta bayyana cewa masu taɓin hankali mai tsanani kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, galibi saboda ciwon zuciya, ciwon suga, tarin fuka da makamantansu. Wasu magungunan ma, irin su olanzapine, suna sa ƙiba da hawan suga.

Don haka in kana da irin wannan majinyaci a gida, duk ranar karɓar magani ka roƙi a auna masa jini da suga da nauyi. In tari ya wuce sati biyu, a gwada majinarsa. A taimaka masa ya bar sigari. Kada kuma a tsayar da magani sai da shawarar likita. Zaman baƙunci da neman na abinci kan sa mu tura mara lafiya asibiti shi kaɗai, alhali mai rakiya ne zai faɗa wa likita abin da shi ba zai iya faɗa ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.