Emma Turner: Matar da Ta Kwanta Cikin Fadama Domin Hoton Tsuntsu

'Yan'uwana mata, yau zan ba ku labarin wata Baturiyar Ingila mai suna Emma Turner, wadda aka haifa cikin shekarar 1867. Ƙuruciyarta duk ta ƙare ne wajen hidimar gida da kula da mahaifinta, kamar dai yadda ke samun da yawa daga cikinmu. Sai da ta haura shekara 30, watau wajen 1900, sa'an nan ta gamu da wani gwanin ɗaukar hoton tsuntsaye mai suna Richard Kearton, ta fara riƙe kyamara.

To, ba tsuntsayen bakin gida ta zaɓa ba. Ta tafi fadamun Norfolk a gabashin Ingila, wurin wani tafki da ake kira Hickling, ta sa aka ƙera mata ƙaramin jirgin ruwa mai ɗaki, ta riƙa zama cikinsa makonni da yawa kowace shekara, musamman idan sanyi ya fara janyewa, agwagin ruwa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suka fara sauka. Waɗansu irinsu ma a fadamun Haɗejiya da Nguru suke cin lokacin ɗari kafin su koma can.

Ki dubi irin wahalar aikin. Kyamarar zamanin akwati ce mai nauyi, kowane hoto kuma da farantin gilashinsa. Tsuntsayen nan ga tsoro. Saboda haka sai ta kwanta a ƙasa kusa da sheƙa, wani mutumin fadama da ke taimakonta ya lulluɓe ta da ruɓaɓɓiyar ciyawa, ya bar bakin kyamara kaɗai a waje, ya yi tafiyarsa. Haka za ta yi awoyi ba motsi, ga danshi, ga ƙwari. Ni kam ko sauro ɗaya ya isa ya tashe ni!

Abin da ya fito da sunanta ya faru cikin 1911. Akwai wani irin zalɓe mai launin busasshiyar ciyawa, wanda namijinsa ke yin wani kuka mai zurfi da farkon bazara, kamar ana hura iska cikin kwalba. Ƙafar da fadamu da harbin maharba sun sa ya daina hayayyafa a Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19. Emma da wani mai gadin daji, Jim Vincent, suka kutsa cikin ruwa da ciyayi har suka sami ɗan tsakonsa, ta ɗauki hotonsa. Hoton nan shi ne shaida ta farko cewa tsuntsun ya dawo, kuma ya jawo mata lambar zinariya daga ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Ingila.

Cikin 1924, tana da shekara 57, ta karɓi aikin gadin tsibirin Scolt Head, domin hana ɓarayin ƙwai damun tsuntsaye. Ita ce ta farko da ta riƙe aikin nan, ta zauna cikin 'yar bukka, har 'yan jarida suka dame ta da labarin kaɗaicinta. Ta rubuta littattafai a kan abin da ta gani.

Shekara biyu kafin mutuwarta ta makance, aikin yanar ido da aka yi mata kuma bai yi nasara ba. Ta mutu a Cambridge cikin Agusta 1940. Ɗan tsibirin da take ɗaure jirginta a Hickling har yau da sunanta ake kiransa.