Muhammadu Rumfa

Muhammadu Rumfa shi ne Sarkin Kano na ashirin a jerin sarakunan da suka fito daga zuriyar Bagauda. Ya yi mulki daga shekarar 1463 zuwa 1499. An fi saninsa da ayyukan da suka sauya fasalin birnin Kano: gidan sarki wanda har yau ake kira Gidan Rumfa, da masallacin Juma'a, da kasuwar Kurmi, da faɗaɗa ganuwa. Yawancin labarinsa ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908.

Asalinsa

Mahaifinsa shi ne Sarki Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, kakansa kuma Sarki Abdullahi Burja. Mahaifiyarsa sunanta Fadimatu, mutuniyar Rano. Ya taso a lokacin da fatauci ke bunƙasa. A zamanin kakansa aka buɗe hanya tsakanin Borno da Gwanja, a zamanin mahaifinsa kuma gishirin Asbin ya yawaita a ƙasar Hausa, malamai Fulani suka zo daga Mali da littattafai. A tarihin baka na Kanawa, ya riƙe sarautar Makama kafin ya hau gadon mulki, kuma dominsa aka gina Gidan Makama, wanda yanzu ya zama gidan tarihi.

Wuraren bauta kafin zamaninsa

Tsohon garin Kano ya ginu ne a gindin Dutsen Dala. Mutanen farko suna bauta wa Tsumburbura, kuma wurin bautar wata bishiya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, shugaban bautar. Akwai kuma Kurmin Jakara, wanda ake tsoron taɓa itatuwansa. Musulunci ya shiga fada a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) ta hannun Wangarawa, har aka gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar bauta. Duk da haka tsohon addini bai mutu ba, domin Sarki Kanajeji ya koma wa al'adunsa lokacin da yake neman nasara a kan Zazzau. Don haka Rumfa ya gaji gari mai addini biyu, kowanne da wurinsa da mutanensa.

Zuwan al-Maghili da ginin masallaci

Wajajen 1492 malamin nan na Tilimsan, Muhammad ɗan Abdulkarim al-Maghili, ya sauka a Kano. Ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, wanda aka sani da Tajuddin, inda ya yi bayani a kan shari'a da haraji da zaɓen mataimaka. Tarihin Kano ya nuna cewa shi ya umarci sarkin ya gina masallacin Juma'a, ya sare bishiyar bauta, ya tayar da hasumiya a gurbinta. Da wannan aiki wurin da jama'a suka saba girmamawa ya koma hannun sabon addini. Da malamin zai tafi ya bar Sidi Fari a madadinsa, kuma gare shi Sharifan Kano suke danganta asalinsu.

Gidan sarki, kasuwa da ganuwa

Rumfa ya ɗauke fada daga tsohon gari ya kai ta wani fili a kudu, nesa da Dala da masu riƙe da tsohuwar bauta. Sabon gidan yana da faɗin kusan eka 33, an kewaye shi da doguwar katanga, an raba shi zuwa wajen zaman fada da cikin gida da sheka. Ya kafa kasuwar Kurmi a yankin Kurmin Jakara, ta zama matattarar fatake daga Borno da Asbin da Arewacin Afirka.

Domin sabuwar fada ta shigo cikin birni, ya faɗaɗa ganuwar da Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara. Tarihin Kano ya ambaci Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kansakali cikin wuraren da aikin ya bi. Ƙofar Ɗan Agundi, wadda take tsakanin Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Na'isa, tana kan wannan layi na kudu da aka tayar don kare sabon yankin.

Mulki da yaƙi

Ana jingina masa sababbin abubuwa goma sha biyu. Baya ga gine-gine, akwai majalisar Tara ta Kano, da busa kakaki, da figini da takalman gashin jimina, da dawakin zage, da kulle, da naɗa bābanni a manyan muƙamai, da sallar Idi a Shadakoko. A zamaninsa Kano ta yi yaƙin shekara goma sha ɗaya da Katsina ba tare da wani ya rinjayi wani ba. Ya yi zamani da Sonni Ali da Askiya Muhammad na Songhai, da Mai Ali Gaji na Borno.

Rasuwarsa da zuriyarsa

Ya rasu a 1499. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi har zuwa 1509, sannan jikansa Muhammadu Kisoki. Matarsa Auwa, mahaifiyar Abdullahi, ta riƙe sarautar Madaki, ta kuma yi ƙarfi ƙwarai a harkokin fada. Wani ɗansa, Abubakar Kado, ya yi sarauta daga 1565 zuwa 1573.

Abin da ya rage na aikinsa

Maginan Kano da ƙasa suke aiki: tubali, da azara don rufi, da makuba don kare bango daga ruwa. Irin wannan gini yana bukatar yaɓe a kai a kai, in aka bar shi sai damina ta cinye shi. A nan ya bambanta da wuraren bauta na dutse, kamar kogunan Ellora 34 na Hindu da Buda da Jain a Indiya, inda haikalin Kailasa da aka sassaƙa daga dutse guda a ƙarni na 8 yake tsaye da sassaƙe-sassaƙensa. Ginin Kano ya fi kama da masallatan Agadas da Jenne, waɗanda hannun jama'a ke raya su.

Shi ya sa gine-ginen Rumfa suka yi ta sauya kama. An sake gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, sannan aka maye gurbinsa da na siminti a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Sarakunan da suka biyo baya sun yi ta ƙara soraye da ƙofofi a gidan sarki. Abin da ya ɗore shi ne tsarin da ya shimfiɗa: fada da masallaci kusa da juna, kasuwa a tsakiyar gari, ganuwa a kewaye. Sarakunan Fulani da suka zo bayan jihadi ma a Gidan Rumfa suka zauna.

A 2007 aka shigar da ganuwar Kano da Dutsen Dala da kasuwar Kurmi da gidan sarki cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sai dai zaizayar ruwa da ɗiban ƙasa da gine-gine a kan badala sun shafe sassa da dama na ganuwar, an kuma sake gina wasu ƙofofi da siminti. Kwalejin Rumfa da ke Kano sunansa ta ci.