Muhammadu al-Katsinawi, Gwanin Lissafin da Misira Ta San Shi

A wannan makon mu 'yan kulob ɗin jarida mun kawo muku tarihin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu tun 1741. A aji muna jin sunan Pythagoras kullum, amma na Katsina maƙwabciyarmu ba mu taɓa cin karo da shi a littafinmu ba. Wannan bai yi mana daɗi ba.

Bafulatani ne daga ƙasar Katsina. Ya yi karatun addini da nahawu da hisabi, kuma cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na Bagirmi, wadda take cikin Chadi a yau. Wajajen 1730 ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafinsa Bahjat al-Afaq da Larabci, a kan hatimi.

Da yawa cikinmu in an ce hatimi sai mu tuna laya, kuma gaskiya ne shi ma ya haɗa ilminsa da sirrin haruffa da taurari. Amma gina hatimi lissafi ne zalla. Ku zana gida tara, uku-uku. Layin sama ku sa 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ku tara a kwance, ku tara a tsaye, ku tara daga kusurwa zuwa kusurwa: 15 ne duk inda kuka bi. Mai gida biyar-biyar yana ba da 65, mai bakwai-bakwai 175. Malam ya bayyana hanyoyin cika irin waɗannan masu gefen mara, wato ba cika ba, ta yadda mutum zai bi ƙa'ida maimakon lalube.

Kun lura 3 da 5 da 7 ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu? Duk lambobi irin waɗannan mara ne, ban da 2. Har katafariyar da aka gano da kwamfuta a 2024, mai alƙaluma sama da miliyan 41, ita ma mara ce, don haka tana da nata hatimin. Allon da zai ɗauke shi ne dai babu!

A Alƙahira ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, babban malami wanda shi ma ya ɗauki ilmin hatimi a wurinsa. A gidan ya rasu, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa, aka binne shi a can. Ɗan Shehu Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya sa labarinsa cikin shahararren littafinsa na tarihin Misira. Allah ya jiƙansa.