Likita Mila na Zariya: ya zo neman mabiya, ya bar ƴan boko

 Duk mai fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina, ko tsakanin Damagaram da Kano, ya san cewa da Hausa ake ciniki a ko'ina, amma da zarar an zo ga takarda sai harshe ya rabu, namu Faransanci, nasu Ingilishi. To, yau za mu kawo muku tarihin ɗaya daga cikin Turawan farko da suka zaunar da ƴaƴan Hausawa suna koya musu Ingilishi, wato Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila. Labarinsa ya shafi kowane uba da kowace uwa da ke tunanin hannun da za su danƙa wa ɗansu.

An haifi Likita Mila a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a wani babban asibiti na birnin Landan mai suna St Bartholomew, kuma da ya so da ya zauna gida ya ci gajiyar sana'arsa. Sai ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ake kira CMS, wadda aikinta shi ne yaɗa addinin Kirista a ƙasashen waje. A wancan zamani labarin ƙasar Hausa ya cika kunnuwan Turawa: manyan birane masu ganuwa, kasuwar Kurmi, marina da masaƙa, ga malamai masu rubutu da karatu. Shugabannin mishan sun yi lissafin cewa in Hausawa suka karɓi addininsu, to fatake kaɗai sun isa su kai shi ko'ina a Afirka ta Yamma.

Kafin ya taka ƙasar Hausa, sai da ya tafi Tarabulus ya koyi harshen. Kada wannan ya ba ku mamaki, domin a lokacin ayarin raƙuma na tasowa daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ratsa hamada har bakin teku, saboda haka akwai Hausawa da yawa a Tarabulus, fatake da mahajjata da waɗanda bauta ta kai can. A wurinsu ya koyi Hausa. A can ne kuma ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid da ke kan hanyar Makka, wanda daga baya ya zama na hannun damansa.

A shekarar 1900 suka taso daga Legas su biyar, ƙarƙashin jagorancin wani babban limamin coci mai suna Tugwell. Bayan tafiyar watanni suka iso Zariya, inda Sarki Kwasau ya karɓe su, daga nan suka zarce Kano. A lokacin Ingila ba ta ci Kano da yaƙi ba tukuna. Sarkin Kano Alu Babba ya saurare su a fada, ya nuna musu cewa mutanensa na da addininsu da malamansu, ya ba su kwana 3 su bar masa gari. Suka juyo suka sauka a ƙauyen Girku, a ƙasar Zazzau, inda ciwo ya kashe ɗaya daga cikinsu, sauran kuma suka koma gida ba su samu mabiyi ko ɗaya ba. Likita Mila dai bai haƙura ba, ya sake dawowa.

Ba da daɗewa ba al'amura suka sauya. Sojojin Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu a harkar addininsu ba. Wannan alkawari ya sa aka taƙaita shigar ƴan mishan biranen Musulmi. Amma da yake Likita Mila na jin Hausa ƙwarai, kuma yana da kusanci da Lugga, sai ya samu izini a 1905 ya kafa gida a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin shan magani, ya kuma buɗe makaranta.

Magani kam mutane sun zo sun karɓa, amma makaranta sai aka ja baya. Iyaye sun san abin da ya kawo Baturen, sun kuma san cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya so a kafa makaranta ta musamman don ƴaƴan sarakuna, Lugga ma ya so hakan, amma da Lugga ya bar ƙasar a 1906 sai maganar ta bi ruwa. Gwamnati ta gwammace ta buɗe tata makarantar wadda babu wa'azi a ciki, ta danƙa wa wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fara ta a Kano a 1909. Likita Mila ya ci gaba da ƴan yara kaɗan da ya samu, yana kwana da su gida ɗaya, yana ci da su, yana tufatar da su.

A nan ne hanyarsa ta bambanta da ta gwamnati. Turawan mulki sun fi son a koya wa yaran Arewa karatu da Hausa, kada a gaggauta ba su Ingilishi, domin sun ga yadda ƴan bokon Legas suka tashi suna rubuta jaridu suna ja da gwamnati. Shi kuwa Likita Mila yana ganin yaron da bai iya Ingilishi ba zai ƙare ne yana yi wa wasu hidima a ƙasar haihuwarsa, domin da wannan harshe ake aikin ofis, da shi ake karatun likita, da shi ake rubuta dokokin Turawa. Saboda haka ɗalibansa suka koyi Hausar boko da lissafi da Littafi Mai Tsarki, suka kuma koyi Ingilishi sosai, har wasunsu suka iya shiga manyan makarantun Legas. Shi ne kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka matsa wa Lugga lamba a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko a ayyukan gwamnati maimakon ajami. Malaman da suka yi shekaru suna rubuta wasiƙun fada da ajami, a hankali sai aka daina nemansu.

Babbar sa'ar da makarantar ta samu ta zo ne a 1913, daga wata jama'a da ake kira Isawa. Su almajiran wani Malam Ibrahim ne da ya yi zamani a Kano a ƙarni na 19, wanda ya riƙa ɗaukaka matsayin Annabi Isa a cikin karatunsa har hukumar Kano ta kashe shi, mabiyansa suka watse zuwa wajen Ningi da wasu ƙauyuka. Wasu daga cikin zuriyarsu suka nemo Likita Mila, suka karɓi addininsa, suka ba shi ƴaƴansu. Aka kafa musu gari a wani wuri mai suna Gimi a ƙasar Zazzau. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ce. Cikin ƴan shekaru ciwon barci ya kashe mutane da yawa, garin ya tashi, yaran da suka tsira aka kwaso su aka kawo Zariya. Daga cikin waɗannan gidaje ne aka samu da yawa daga cikin Kiristocin Hausa na farko da suka yi zurfi a boko.

Zaman Likita Mila a cikin birni bai kasance na lumana ba. Mutum ne mai kaifin baki, ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu ɗan Sidi wurin Turawan mulki yana zarginsa da zalunci, kuma daga baya Turawa suka tuɓe sarkin suka kai shi Lokoja. Masu kare Likita Mila na cewa talakawa ya tsaya wa, masu sukarsa na cewa baƙo ne da ya shiga abin da ba ruwansa, yana jingine da bindigar ƴan'uwansa. Su ma yaran sun ɗanɗana kuɗarsu. Wanda ya bar addinin gidansu yakan rasa dangi, ya rasa gado, ya rasa matar aure a unguwarsu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, to karatun kyauta ne, amma akwai abin da aka biya.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya aka mayar da shi Wusasa, a bayan gari, inda aka gina coci da makaranta da asibiti. Likita Mila bai so wannan ƙaura ba. Ya koma Kano ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi tare da Hausawa mataimakansa da wasu ƴan mishan, wato juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. An buga cikakken littafin a 1932. Wannan aiki ya ƙetaro har wajenmu, domin ƴan mishan na wata ƙungiya dabam mai suna SIM, waɗanda suka shigo Damagaram da yankin Maraɗi a shekarun 1920, suka kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, da Hausa suka yi wa'azinsu. Sai dai a ɓangarenmu harshen lakwal Faransanci ne, domin haka Faransa ta tsara.

To, mene ne makarantar ta haifar? Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, a nan ya fara karatu, ya wuce Legas, ya tafi Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin ɗan Arewacin Najeriya na farko da ya zama cikakken likita. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma akwai babban asibiti a Kaduna da ke ɗauke da sunansa. John Tafida na Wusasa ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930. Bayan tafiyar Likita Mila, makarantar Wusasa ta yaye Ishaya Audu, jinin Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ta kuma yaye Yakubu Gowon, wanda ya mulki Najeriya a waɗannan shekaru. Ƙaramar unguwa ce, amma da ranar da ake neman masu takarda ta zo, su aka tarar a shirye.

Likita Mila ya ajiye aiki da CMS a 1935 ya koma Ingila, amma zaman can bai karɓe shi ba, ya sake dawowa Najeriya. A 1947 ya fitar da wani littafi yana tambaya ko Ingila ta gaza a Najeriya, inda ya soki ƴan'uwansa Turawa kan barin Arewa a baya wajen ilimi da kuma kau da kai daga cin hanci da zaluntar talakawa. Ya rasu a 1952 kusa da Jos, yana da shekara 80.

In muka ɗora rayuwarsa a kan ma'auni, za mu ga abin da ya fito nema bai samu ba. Bayan fiye da shekara 50, Kano da Zariya da Katsina suna nan a kan Musuluncinsu, mabiyansa ƴan kaɗan ne. Abin da ya ɗauka a matsayin hanya kawai, wato makaranta da Ingilishi, shi ne ya yi albarka. Ya yi gaskiya da ya ce harshen takarda jari ne a hannun yaro. Iyayen Zariya ma ba su yi wauta ba da suka tsaya tambayar wane ne malamin, me kuma yake nufi da ɗansu. Abin takaici shi ne yadda boko da sauya addini suka shigo a ƙunshi ɗaya, har mutane da yawa suka kasa raba su, suka ƙi duka biyun, tsoron kuma ya daɗe a zukata bayan dalilinsa ya gushe.

Yau lakwal tamu ce, malamanta ƴaƴanmu ne da ƙannenmu. Uwar da ke kasa tumatir da uban da ke auna hatsi suna da damar da iyayen Zariya na 1905 ba su samu ba, ta su kai yaro ya koyi harshen waje ba tare da an raba shi da gidansu ba. Abin da ya rage gare mu shi ne mu kai su, mata da maza, mu kuma riƙa leƙawa muna sanin abin da ake koya musu. Allah ya raya mana zuriya.