SHAIHUL ISLAM IBN TAIMIYYA DA HAKKIN 'YAN AMANA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa Musulmi, an haifi Ahmad ɗan Abdulhalim, wanda aka fi sani da Ibn Taimiyya, a garin Harran a shekara ta 661 bayan Hijira, watau 1263. Yana yaro ƙarami iyayensa suka gudu da shi Dimashƙa saboda ɓarnar Tatar. Can ya hardace Alƙur'ani, ya yi zurfi a hadisi da fiƙihu, har ya gaji mahaifinsa wajen karantarwa yana ɗan shekara 20 da 'yan kai. Ibnul Ƙayyim da Ibn Kasir duk almajiransa ne.

Kowa ya san shi da yaƙar bidi'a. To, amma akwai wani darasi da muke mantawa.

A shekara ta 699, Gazan sarkin Tatar ya afka wa ƙasar Sham, rundunarsa ta kwashi mutane bayi. Shehin Malami bai ɓuya ba, ya taka har wurin manyansu yana neman a saki kamammu. Kwamandansu Mulai ya yarda ya saki Musulmi, amma ya ce Kiristocin da suka kamo daga Ƙudus ba za su fita ba. Malam ya ƙi, ya nace sai an haɗa da Yahudu da Nasara duka, domin ahluz zimma ne, watau 'yan amanar Musulmi. Allah Ya sa aka saki da dama daga cikinsu. Shi da kansa ya ba da labarin a wasiƙarsa zuwa Ƙubrus.

Jama'a, a lura! Mutumin nan shi ya rubuta Al-Jawabus Sahih, raddi ga aƙidar Nasara. Bai sassauta a tauhidi ko ƙwayar zarra ba, amma bai yarda a zalunce su ba. Me ya sa? Domin Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗin wanda ya kashe ɗan amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba.

Saboda haka duk wanda ya ƙona shagon maƙwabcinsa ko ɗakin ibadarsa don addininsu ba ɗaya ba, kada ya ce Sunna yake bi. Son zuciya ne kawai.

Malam ya rasu a kurkukun Dimashƙa a shekara ta 728, watau 1328. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mu riƙe amana. Amin.