Lokotoro Lafesoni, mutumin da ya bi sawun sankarau

A ƙasar Magarya da Dungas ba a koya wa kowa sunan sankarau. Da iskar hunturu ta taso, ƙura ta rufe sama, sai hankalin uwaye ya tashi. Yaro ya kwana lafiya, da safe jikinsa ya ɗau zafi, kai na sara, wuya ya sanƙare. In ba a yi maza an kai shi likita ba, kwana ɗaya ko biyu sai a rasa shi. Wanda ya tashi ma, wani lokaci kurma yake zama.

To, akwai wani lokotoro Bafaranshe da ya ƙare rayuwarsa wajen binciken wannan cuta. Sunansa Leyon Lafesoni (Léon Lapeyssonnie). An haife shi a 1915 a garin Mompeliye, kudancin Faransa. Ya yi karatun likita a makarantar soja. Da ya gama bai tsaya nan ba, sai ya wuce makarantar Faro ta birnin Marsai, inda a wancan lokaci ake ƙara wa likitoci ilimin cututtukan ƙasashe masu zafi. Wannan karatu na biyu daban yake da na farko. Na farko yana koya maka duba majinyaci guda. Na biyu yana koya maka duba gari duka: mutum nawa suka kamu, a wane wata, daga ina abin ya faro, ina ya nufa.

A 1942 aka turo shi Afirka, ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Can ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye yana neman masu ciwon barci. Zamanin mulkin mallaka ne, kuma gaskiya ba da yardar talakawa ake tara su a duba su ba, umurni ne daga bariki. Amma a wannan yawo ya gane cewa zaman jiran majinyaci a ɗaki ba ya kashe annoba, sai an bi ta har gida. Daga baya ya yi aiki a Indiya, ya kuma koma Faro ya zama malamin likitoci.

A 1961 sankarau ya ɓarke a Nijar, ƙasa tana sabuwar samun ƴancin kai, likitoci kuwa a ƙirge suke. Lafesoni ya zo. Maganin da ake da shi a lokacin sai an yi ta maimaita shi kwana da kwanaki. Wa zai yi wannan a ƙauyen da ke nesa da likita, ga majinyata kwance ko'ina? Sai ya gwada wani magani dangin sulfa mai daɗewa cikin jiki, allura guda kawai. Ya rubuta wa aka yi wa, wa ya tashi, wa ya rasu. Lissafi ya nuna abin yana aiki. Allura guda, ko ƙaramin ma'aikacin lafiya na iya yin ta a gindin bishiya. Bayan ƴan shekaru ƙwayar cutar ta saba da sulfa, aka koma wa wani magani, amma dabarar allura guda ta daɗe ana cin moriyarta.

Babban aikinsa ya fito a 1963, cikin mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya tattara rahotannin shekaru masu yawa, ya aza su bisa taswira. Sai ga abin mamaki. Ashe manyan annobar sankarau ba ko'ina suke faɗawa ba. Suna bin wani zirin ƙasa ne a kudancin Sahara, inda ruwan sama na shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. Suna tasowa da rani, su lafa da ruwan farko. Tsofaffinmu sun san haka tun tuni, kowa ya san damina na kwantar da sankarau. Abin da Lafesoni ya ƙara shi ne awo da iyaka da rubutu, yadda gwamnati za ta iya shiri tun kafin rani. Wannan ziri ana kiransa da sunansa. Ya ratsa ƙasashe 26, daga Senegal har Habasha, kuma Damagaram da Maradi da Katsina da Kano duk suna tsakiyarsa.

Da aka samo allurar rigakafi, ya shiga cikin masu matsa wa a gwada ta, a yi ta da yawa. A 1974 sankarau ya faɗa wa Barazil. Shi da Sharl Meriye, mai masana'antar rigakafi a birnin Liyon, suka tashi tsaye. A 1975 aka yi wa mutum kusan miliyan 90 rigakafi a can cikin ƴan watanni.

Amma waccan rigakafin ba ta daɗewa a jiki, kuma ba ta tsare ƙananan yara sosai. Shi ya sa a 1996 da 1997 annoba ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. Lafesoni yana da rai ya ga haka. Ya rasu a 2001. Sai a 2010 aka fara sabuwar rigakafi ta MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta karya lagon irin sankarau da ake kira A.

Sai dai ƙwayar ba iri guda ba ce. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi kowa yawan majinyata. Irin C ne wannan karon. An gane haka ne don ma'aikata sun ɗebi ruwan ƙashin bayan majinyata, aka auna shi a ɗakin bincike, aka san wace rigakafi za a kawo. A 2024 Nijeriya da Nijar suka fara amfani da wata rigakafi mai tsare iri biyar a allura guda.